Ɗan filin bayan ɗaki ya zama juji: ta ina zan fara gyara shi da kuɗi kaɗan?

Maman Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan abin. Muna da wani ɗan fili a bayan ɗakunanmu a nan Kano, faɗinsa mita 4, tsawonsa mita 6. Katanga ta kewaye shi ta gefe uku, gefe na huɗu bangon ɗaki ne, kuma indararo biyu a ciki suke zuba. Tun da aka gama ginin ba a taɓa shi ba. Ɓaraguzan bulo ne da sauran siminti da ya daskare da robobi, da damina ciyawa har gwiwa, da rani ƙura da ƙarangiya. In an yi ruwa mai ƙarfi yakan kwana biyu a gindin bango bai tsotse ba. So nake ya koma wurin da za a shimfiɗa tabarma da yamma a ga ɗan kore, amma ruwa wurin 'yan garuwa muke saye, kuma ba ni da lokacin da zan riƙa yini a kansa. Akwai yara ƙanana, akwai akuya ɗaya da kaji. Wani ya ce in dasa ciyawar kafet, wani ya ce in malale shi da siminti in huta. Wanne ya fi, kuma da me ake farawa? Yanzu muna Fabrairu.

Baba Magini ya amsa:

Wa'alaikumus salam Hajiya. Maganar ruwan nan da yake kwana biyu a gindin bango ita ce gaba da komai, domin ba filin kaɗai yake ɓatawa ba, ginin yake ci. Ki duba bangon ta cikin ɗaki. In kin ga fenti yana kumbura yana ɓarewa daga ƙasa, ko wani farin gari kamar kanwa yana fitowa, to danshi ya riga ya fara hawa. Duk abin da aka dasa kafin a sama wa ruwan nan hanya, kuɗinsa a ƙasa aka zubar.

Ki ga yawansa. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1, lita 1 ne. Filinki murabba'in mita 24 ne. In aka yi ruwan milimita 30, wanda ba baƙon abu ba ne a Agusta, lita 720 ta sauka a filin kai tsaye. In rufin da indararon nan biyu suke kwasowa ya kai murabba'in mita 40, ki ƙara lita 1,200. Kusan durom 10 ke nan a wuri mai katanga ta kowane gefe.

A fara da kwashe tarkace, yanzu da ƙasa take bushe. Wanda zai yi aikin ya sa takalmi rufaffe, kuma ya riƙa juya kowane bulo da shebur kafin ya kai hannu, don irin wurin nan maɓoyar kunama ce. Roba da leda da gwangwani da fasassun kwalabe a fitar da su waje. Ɓaraguzan bulo kada a zubar, a tara su gefe guda, suna da aiki. Simintin da ya daskare a farfasa shi da diga ko guduma a haɗa cikin ɓaraguzan.

Sai gangara. A kafa turaku a kusurwa huɗu, a ɗaura igiya, a ɗauki libil da siririn tiyon nan da ake ganin ruwa a cikinsa, wanda kowane magini yake da shi. Ana so ƙasa ta riƙa sauka santimita 2 a kowace mita, daga bangon ɗaki zuwa inda ruwan zai fita. In tazarar mita 4 ce, santimita 8 ke nan. In 6 ce, 12. Kuma bayan an gama komai, har da tsakuwar da za a zuba, saman filin ya kasance ƙasa da daɓen ɗaki da aƙalla santimita 15. A nan mutane suka fi kuskure: a kawo ƙasa a cike wuri don ruwa ya daina kwanciya, sai ƙasar ta haura tushen gini, danshin ya samu gada ya shiga bango. In filin ya yi tudu, kwashe ƙasa ake yi, ba ƙarawa ba.

A wurin da ya fi kwari a huda katanga a sa bututun roba mai inci 4, a toshe bakinsa da raga saboda ɓera da maciji. Ya zube a kwata, ba a gindin katangar maƙwabci ba, wannan haƙƙi ne. Ɓaraguzan nan kuma a haƙa musu rami mita 1 a faɗi, 1 a tsawo, 1 a zurfi, nesa da bangon ɗaki da kamar mita 3, kuma ba kusa da rijiya ko salga ba. Manya a ƙasa, ƙanana a sama, a rufe da buhu, a zuba tsakuwa. Ramin zai sha ruwan yayyafi da matsakaicin ruwa ya ajiye wa shuka danshi, amma abin da yake ɗauka bai wuce kashi ɗaya cikin uku na girmansa ba, wato lita 300 ko kusa da haka. Saboda haka ba ya maye gurbin rariya, taimaka mata yake yi.

Maganar malale shi da siminti: kauri santimita 7 da rabi a murabba'in mita 24 zai ci buhu 11 ko 12, ban da yashi da tsakuwa da kuɗin aiki. Sannan a watan Afrilu zai yini yana shan rana ya kwana yana mayar miki da zafin ta taga, in kuma ba a danne ƙasan da kyau ba ya tsage a damina ta biyu. Simintin da kike buƙata buhu 3 ne. Buhu ɗaya da rabi ko biyu a yi shimfiɗa a gindin bangon ɗaki, faɗin santimita 60, kauri 6, mai gangara zuwa fili. Buhu ɗaya kuma a buga falen takawa: a yi akwatin katako santimita 40 a 40, zurfi 5, kwaɓi kuma kwanon sarki 2 na siminti, wato buhu guda, yashi 4, tsakuwa 8. Zai ba da fale 18 zuwa 20. A buga su a inuwa a riƙa jiƙa su safe da yamma har kwana 7. Wanda aka bari ya bushe a rana ran farko, gefensa marmashewa yake yi. A jera su da tazarar taku ɗaya, santimita 60 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan.

Kashi ɗaya cikin huɗu na filin a bar wa shuka. Sauran, kamar murabba'in mita 15, a zuba marmara kaurin santimita 5, a yayyafa ruwa a danne ta sosai. A shimfiɗa tsofaffin buhunan shinkafa ko na taki da aka farke, bakin kowanne ya hau na kusa da shi da taki ɗaya na hannu, sannan tsakuwa kaurin santimita 5 a kai. Baro 12 ko 13 ya isa, ba sai an sayi tifa ba. Ki nemi ta kwari, wato wadda ake farfasawa daga dutse, mai rabin inci, domin kusurwoyinta suna kama juna ta zauna. Mulmulalliyar ta rafi ta fi kyau a ido amma gudu take yi a ƙarƙashin ƙafa. A kewaye bakin tsakuwar da rabin bulo da aka binne zuwa tsakiyarsa, in ba haka ba cikin wata uku ta gauraye da ƙasar shuka.

Ƙarƙashin indararo ɗaya a ajiye durom mai murfi, ɗayan a sa masa fale biyu don kada ruwa ya haƙa rami.

Malamin Gona ya amsa:

Hajiya, abin da Baba ya faɗa shi ne tushe, a yi shi kafin ƙarshen Afrilu. Ni a kan ciyawar kafet zan fara, don kada a sa ki kashe kuɗi a kanta. A bazarar Kano ciyawar tana son aƙalla milimita 5 na ruwa kullum. A filinki lita 120 ke nan, kusan jarka 5 mai lita 25, kowace rana. Tsarin da zan faɗa miki jarka 5 ɗin nan a mako zai sha, a shekarar farko ma, daga baya ya ragu. Ban da yanka duk mako biyu da damina, ga kuma akuya da kaji da za su mayar da ita fako.

Ciyawar da ke wurin yanzu a bushe take, amma irinta yana ƙasa. A tattara da manjagara a fitar, kada a zuba ƙarangiya ko tsidau ko kashin yawo a ramin taki, dawowa za su yi. Maganin feshi a wannan watan asara ne, ta ɗanyen ganye yake shiga, kuma gidan da ke da yara da dabbobi fili kamar wannan bai kai a kawo masa guba ba. A wurin da za a yi shuka, a ba shi ruwa sau ɗaya ya jiƙu, a jira kwana 10, duk abin da ya tsiro a kankare shi da fartanya sama-sama, a maimaita sau biyu. Sama-sama na ce, domin in aka juya ƙasa da zurfi sabon iri ake fitowa da shi.

Biyu ne masu taurin kai. Aya-aya tana da 'ya'ya a ƙasa a jere kamar carbi, in aka sare ta aka tsinke jerin kowane ɗa sai ya tsiro da kansa, kuma tsininta yana huda buhu ya fito ta tsakuwa. Inda kika san tana fitowa, a haƙa zurfin taki ɗaya da rabi a tsince 'ya'yan da hannu, a bar ƙasar a baje ranar Maris ta gasa sauran. Kiri-kiri kuma kowane guntun jijiyarta shuka ne, a zare ta da tsawonta. In akwai zaƙami ko zurma, waɗanda suke son kango irin wannan, a tumɓuke su tun kafin su yi 'ya'ya saboda yara.

Sai a gwada ƙasar. A haƙa rami zurfin santimita 40, a cika shi da ruwa, in ya tsotse a sake cikawa. In na biyun ya tafi cikin 'yan awoyi, madalla. In ya kwana ya yini yana nan, ƙasar laka ce ko akwai wani abu a ƙasa da ya tare, sai a yi shuka a kan tudun da ya ɗaga santimita 25 zuwa 30. Kuma a tabbata an kwashe burbushin siminti daga wurin shuka. Shi ne yake sa a ga ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa na kore, musamman lemo, mutum ya yi ta zuba taki ba canji, domin simintin ya hana saiwa jan sinadarin ƙarfe daga ƙasa.

Bishiya ɗaya tak filin nan zai ɗauka, a tsakiyar faɗinsa, mita 2 daga bangon ɗaki, 2 daga katanga. Ni gwaiba zan zaɓa: tana jure fari, tana jure ɗan kwanciyar ruwa, tana karɓar aski, ta fara 'ya'ya a shekara 2 zuwa 3. In ruwan ya fi haka wuya, rumman, sai dai inuwarsa ba ta kai ba. Lemun tsami yana da ƙaya ga yara. Darbejiya da mangwaro da cediya da durumi da turare da malina duk a bar su a waje. Cikin 'yan shekaru saiwarsu ta kai tushen gini ko ta shiga salga, rassan kuma su hau rufin maƙwabci. Gwanda ba ta cin wuri, amma in ruwa ya kwana biyu a gindinta ruɓewa take yi, sai an ga yadda gangarar ta yi aiki a daminar farko.

Ramin gwaiba santimita 50 ta kowane gefe har da zurfi. Ƙasar sama kashi 2, ruɓaɓɓen taki kashi 1, a gauraya a mayar, a bar shi mako biyu ya zauna. Taki kina da shi a gida. Kashin akuya da na kaji a tara a kusurwa, a jiƙa, a rufe da buhu, a juya duk mako biyu, cikin mako 6 zuwa 8 ya yi baƙi ya daina wari da zafi. Ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi. Takin bola kuma sai an tankaɗe, kuma ba na ba da shawararsa ga ganyen da za a ci, saboda tsofaffin batura da kwalabe.

Wurin sayen dashe, kada ki bi wanda ya fi tsawo. Mai santimita 30 zuwa 50 ya fi kamawa. Ki ɗaga ledar: in saiwa ta huda ta kama ƙasa, ko ta nannaɗe a ciki kamar gammo, ki ajiye. A yanke ledar a cire ta gaba ɗaya, a dasa daidai zurfin da yake a ciki. Binne wuyan shuka yana kashe ta a hankali. Lokacin dashe kuma ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli ne, in damina ta zauna, da yamma. Wanda ya dasa a Maris da ruwan saye zai yi rainon wata uku mafi zafi, wanda ya jira sama ce za ta yi masa.

A bakin katangar da ke fuskantar ɗaki, a bar fegi mai faɗin santimita 80. A ciki zogale 2, tazarar mita 2 a tsakaninsu. Na fi son a shuka iri, ƙwaya 2 ko 3 a rami, zurfin gaɓar yatsa, a bar mai ƙarfi. Na iri yana kafa doguwar saiwa ƙasa, na reshe ya fi saurin ba da ganye amma iska tana kayar da shi, gara kuma tana son gindinsa. Da ya kai ƙugu a tsinke kansa, kuma duk shekara a datse shi a mita ɗaya da rabi. In aka ƙyale shi zai tafi sama siriri, ganyen ya fi ƙarfin hannu. Tsakaninsu ciyawar shayi gindi 3, tazarar santimita 60, daga tsagin da kowa zai ba ki kyauta. Moda da kabar giwa su cike gurbi, su ko an manta da su wata guda suna nan, yawan ruwa ne ma yake kashe su.

Ban-ruwan rani kuma tukunyar ƙasa za ta yi miki. Sabuwa, wadda ba a shafa mata komai ba, mai cin lita 8 zuwa 10. A binne ta zuwa wuya, taki biyu daga gindin shuka, a cika, a rufe bakin da murfi mai nauyi. Ruwan yana naso ta jikinta daidai yadda ƙasa ta bushe, a ƙara duk kwana 3 zuwa 5. Ɗaya ga gwaiba, biyu a fegin. Murfin dole ne, domin sauro mako ɗaya zuwa kwana 10 ya ishe shi daga ƙwai zuwa mai fiffike. Yayyafin kullum da moɗa shi ne mafi munin ban-ruwa, saiwa tana tsayawa a sama, ranar da aka yi tafiya shukar ta kwanta.

Inna Mai Lalle ta amsa:

'Yata, Baba da Malam sun yi bayani, Allah ya saka. Amma akwai inda ban bi Baba ba. Tabarma ba ta shimfiɗuwa a kan tsakuwar kwari, kuma yaro mai rarrafe ko mai gudu ba takalmi zai sha wuya, ga zafin da take ɗauka da rana. A ware wurin zama, mita 2 a 2 da rabi, a yi masa daɓe irin na gida. Jar ƙasa mai ɗan burji a jiki, a baje kaurin yatsu huɗu, a yayyafa ruwa ta yi laushi ba ta yi caɓi ba, a bi ta da madaɓi. A bar ta ta sha iska, gobe a sake yayyafawa a sake bugu, kwana uku ko huɗu, har sai madaɓi ya daina barin shaida. Sannan makuba: ɓawon ɗorawa a daka a jiƙa har ruwan ya yi ja ya yi duhu, a yayyafa a buga, sau biyu ko uku. Shi yake sa daɓe ya yi ƙarfi ya ƙi shan ruwa. Wurin ya ɗara tsakuwar da ke kewaye da shi tudu da yatsu biyu, kuma kada ya kasance a saitin indararo. Bayan kowace damina a sake yi masa makuba sau ɗaya. Tsakuwar da za a saya ma ta ragu da baro 4.

Akuya kuwa, in ba a yi maganinta ba duk wannan magana a cikinta za ta ƙare. Zogale da gwaiba ba ta barin ko ganye, har ɓawon take ɓarewa, kuma in ta zagaye gindi da ɓara bishiya ta mutu. Kowace shuka a yi mata keji da ragar waya, tsayi mita ɗaya da rabi, faɗi yadda ba za ta miƙa wuya ta kai ba, a ɗaure a turaku uku da aka kafa da kyau, domin jingina take yi da ƙafafun gaba. Fegin bakin katanga raga ɗaya doguwa ta ishe shi. In da hali dai a sa ƙyaure a mashigar filin, ya fi arha a kan keji biyar. Kaji kuma tono suke yi, a jera duwatsu masu girman dunƙulen hannu a gindin shuka.

Ki ƙara lalle a jikin katanga ɗaya ta gefe. Reshe mai kaurin yatsa, tsawon taki ɗaya da rabi, a soke rabinsa a ƙasa da damina, tazarar santimita 40. Ba duka za su kama ba, a soka da yawa. In ya kafu ba ya neman ruwa, furensa yana ƙamshi da yamma, ga ganyen ƙunshi. A riƙa aske shi a tsayin ƙirji sau biyu a shekara, in ya tsufa ba aski yana yin tsini kamar ƙaya. Na'a-na'a a tsohon bokiti za a sa ta a inuwa, a ƙasa mamaye wuri take yi. Ɗaɗɗoya ma bokiti ɗaya ya isa miya.

Masu sayar da fulawa za su nuna miki kariya, furenta ja mai kyau kuma ba ta son ruwa, amma ruwan jikinta dafi ne. Haka bini da zugu, yara suna ɗaukar 'ya'yansa kamar gyaɗa su ci, ya sa su amai da gudawa. Aguwa kuma farin ruwanta in ya shiga ido masifa ne. Duk ukun akuya ba ta damu da su ba, shi ya sa ake yabonsu, amma ki bari sai yaran sun yi hankali.

Ruwan alwala kada ya tafi kwata. A sa wurin alwala kusa da ciyawar shayi, fale ɗaya mai gangara zuwa gindinta. Ruwan ɗauraya na ƙarshe da na wankin shinkafa da ganye duk suna yi. Na omo da na bilic ban da su, gishirin da ke ciki yana taruwa a ƙasa ta yi tauri, bakin ganye ya ƙone.

Maman Biyu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura abu uku. Baba, maimakon buhu ba zan iya shimfiɗa babbar leda a ƙarƙashin tsakuwar ba, tunda ta fi hana ciyawa? Malam, unguwarmu akwai gara sosai, an ce kuma in rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa. Sannan kafin gwaibar ta girma, ina za a samu inuwa?

Baba Magini ya amsa:

A'a Hajiya, ban da leda. Buhu saƙa ne, ruwa yana ratsa shi. Leda tare shi take yi, sai ya kwanta a cikin tsakuwa inda ba kya ganinsa, ga sauro ga gansakuka, ƙasan kuma ta hana saiwar gwaiba iska. Buhu rana ce kawai take cinye shi, saboda haka kada a bar ko gefensa a waje. Ciyawa kaɗan za ta fito duk da haka, daga ƙurar da hunturu yake zubawa a tsakanin tsakuwa, amma saiwarta ba ta da zurfi, da yatsu biyu ake zare ta.

Inna ta yi gaskiya a kan daɓe, na karɓa. Inuwa kuma rumfa za a yi a kansa. Bututun ƙarfe mai inci 2 guda 4, tsawon mita 3, a binne santimita 60 da ɗan kankare, a shafa wa ɓangaren da zai shiga ƙasa fenti ko baƙin mai. Itace ya fi arha, amma a unguwa mai gara shekara biyu ne. A gitta ƙarafa ko gora a sama a ɗaure zana da waya, ba da igiya ba, iskar farkon damina ba ta da wasa. Bulo mai inci 9 jeri biyu a gefe ɗaya, a shafe samansa, ya ba ki dakali mai tsayin kujera.

Malamin Gona ya amsa:

Gara busasshen abu take bi, da shukar da ƙishi ya raunana. Rufin gindi yana da amfani sosai, yana rage ban-ruwa, amma a yi shi da buntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa ko ganyen darbejiya, kaurin yatsu uku, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da jikin shuka, kuma kada ya taɓa bango ko ƙyaure. Kara da guntayen katako da kwali ban da su a wurinki. A barbaɗa toka siririya a kewayen gindi, ba tuli ba, don ita ma in ta yi yawa tana yi wa ƙasa irin abin da siminti yake yi. Duk mako a duba, in an ga ta fara ɗora hanyarta ta ƙasa a jikin itace a kankare a ba shukar ruwa sosai.

Rumfar Baba kuma soso zai rufe ta cikin wata biyu da damina, ƙwaya 3 a gindin ƙarfe biyu, a ɗaura masa igiya ya hau. Da rani ya bushe a sauke shi, zana ta ci gaba da aiki. Inabi yana yi a Kano kuma ya fi daɗewa, sai dai yana son aski a kan lokaci da ruwa fiye da abin da kika ce kina da shi.

Aikin da zai rage miki bayan an gama: cika tukwane sau biyu a mako daga Nuwamba zuwa Mayu, zare ciyawa da jan tsakuwa da manjagara sau ɗaya a wata, kwanon sarki ɗaya na taki ga gwaiba da rabi ga kowane zogale a farkon damina. A watan Mayu, kafin ruwan farko, a zura sanda a bututun rariya a wanke ragar, a zuba bokiti biyu a gindin bangon ɗaki a bi ruwan da ido har ya fita. Inda ya tsaya, a ɗaga tsakuwar wurin a gyara marmarar da ke ƙasa.